Inuwar Benen Maƙwabci

A ɗakin jira na kamfanin sola, wata mata sai kai-komo take gaban wani dattijo.

"'Yata, zauna mana."

"Ina na ga ta zama, Baba? Allurar mahaifiyata tana firji, wutar kuwa ba ta kai magariba!"

"Da safe suka ɗora miki fanel ɗin?"

"E, suka kama gabansu."

"Akwai bene yamma da ku?"

Ta tsaya cak. "Wa ya faɗa maka?"

"Wanda ya kafa kamfanin nan yini yake a kan rufi yana kallon inuwa kafin ya buga ƙusa."

"To yana ina, ya bar mu da 'yan gaggawa?"

Dattijon ya dubi ƙofar ofishin. "Ga shi nan zaune a gabanki, yana jiran 'ya'yansa su ce ya shigo. Mu je gidan. Kina da tsani?"