Ƙarfen Sitiyari Ya Cije

A Ƙofar Kibo, Bahago makanike yana kwance ƙarƙashin babbar mota, wani dattijo ya tsaya kansa.

"Malam, ya fita?"

"Ina fa! Ƙarfen sitiyarin ya cije da tsatsa. Guduma ta gaza, sai na gasa shi da wuta."

"Wuta? Don Allah, a'a!"

"Alhaji, motarka ce?"

"Kayan ne nawa."

"Ai direba ya ce masara ce. Me zai same ta?"

Dattijon ya waiga, ya sassauta murya.

"Masarar a sama take. Ƙarƙashinta jarkokin fetur ne."

Bahago ya mayar da ashanar da ke hannunsa cikin aljihu.

"Alhaji, je ka roƙi mai ƙosan can ta kashe murhunta."