Jirgin da Ya Leƙo Gidanmu Ba Sallama

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, da kai da duk masu sauraro.

Ni matar aure ce a Suleja, kuma raina a ɓace na rubuto. Ranar Talata da hantsi ina wanki a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, surukata tsohuwa tana wanka a makewayi marar rufi. Sai na ji ƙara kamar ta ƙudan zuma. Ina ɗaga kai, sai ga ƙaramin jirgi marar matuƙi ya tsaya cak a kanmu da kyamara. Tsohuwa ta fito da kumfa a jiki tana salati.

Maigidana ya tarar da masu shi a bakin titi, wai kamfanin awon filaye ne. Ɗayansu ya miƙo takarda ya ce, "Oga, muna da lasisi daga Abuja."

Ina ruwana da lasisinku? Ƙanin mijina ma sai ya yi sallama a zaure kafin ya shigo! Hotunanmu kuma suna hannun wa?

Malam, a taimake mu da shawara: ina za mu kai ƙara? Har yau tsohuwar nan sai ta leƙa sama kafin ta kwance zanenta.