Igiyar da Na Ɗaure Madam

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga wani ƙauye kusa da Guna nake rubuto maka. A yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, sai mushe malaminmu ya ce in je in taimaki gona.

Muna da kyanwa, ɗiyata Habsatu ta sa mata suna Madam. Farin nan bai bar mana komai ba sai ɗan irin gero a rumbu, kuma Madam ce mai gadinsa daga ɓeraye. Da tabki ya ƙafe, dila ya fara shigowa gari da rana tsaka. Sai ni mai dabara na ce kada ta fita daji a cinye ta, na ɗaure ta a gindin rumbu kamar akuya. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kyanwa da hawa bishiya take tsira." Na ce mata ni na yi boko.

Muna masallaci da azahar dila ya zo. Madam ta yi ta zabura, igiya ta riƙe ta. Ni na ɗaure masa abincinsa, gishiri kawai na manta.

Yanzu ɓeraye na cin irin, ko ruwa ya sauka ban san me zan shuka ba. Habsatu kuwa na ce mata Madam ta tafi cin rani Kano. Kullum sai ta tambaye ni, "Baba, yaushe za ta dawo?"

Masu sauraro, me zan ce mata? Ina gaida duk mai kyanwa. Ku kwance ta.