Gwangwanin Yashin da Na Ɗebo wa Injin Baba Ayuba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, malamar firamare, wadda aiki ya ɗauko daga Zonkwa ya kawo Haɗeja.

Kun san Baba Ayuba, dattijon ikilisiyar nan. Shekarar da ya kafa injin casar shinkafa a bayan gidanmu, sai ya huda bango ya fito da salansa daidai tagar ɗakina. Da kaka ta yi, buhuna suka riƙa zuwa daga fadama, hayaƙin man dizal yana shigo mana tun safe har yamma.

'Yata Rifkatu, mai shekara bakwai, ta fara atishawa da ƙaiƙayin ido. Daga nan ƙirjinta ya soma fito kamar usur. Likita ya ce asma ce. Ya ce hayaƙin nan yana tunzura sojojin jiki, har su riƙa yaƙi da ƙurar shinkafar da a da ba ta dame su ba.

Sau uku ina durƙusa wa Baba. Ya ce, "Malama, hayaƙi ai iska ke kwashe shi. Ki rufe taga."

In rufe taga a zafin Haɗeja!

Na tsani mutumin nan. In ya tashi karanta Littafi Mai Tsarki a majami'a, ni ina roƙon Allah ya ƙone injinsa ƙurmus. Ranar da Rifkatu ta shiɗe a hannuna, na rantse sai na rama.

Na san Baba ba ya tayar da inji ran Lahadi, kuma bai taɓa fashin sujada ba. Sai na cika gwangwanin madara da yashin bakin kogi, na jira sai da kuka fara waƙa a nan majami'a, na zagaya don in zuba a tankin man.

Ina tura ƙofar ɗakin injin na gan shi zaune a kan buhu cikin rigarsa ta Lahadi, ya dafe ƙirji, bakinsa a buɗe. Fiton nan da na sani ne. Ashe ya daɗe yana ɓoyewa.

Ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba: daɗi na ji. Na ce masa, "Baba, ka rufe taga mana!"

Ya miƙo mini hannu kawai, yadda Rifkatu take yi. Sai na ce, "Yesu, ka riƙe ni, ni ba zan iya ba!" Na ruga gida na ɗauko maganin asma da yarinyar ke shaƙa na sa masa a baki.

Da numfashinsa ya dawo, ya dubi gwangwanin ya ce, "'Yata, wannan na mene ne?"

Na ce, "Na injinka ne, Baba."

Kafin wata Lahadin ya kwashe injin zuwa bayan gari. Yau Rifkatu ce ke jan baiti a ƙungiyar mawaƙa. Halleluya!

Fushin bai tafi rana ɗaya ba, har yanzu yakan leƙo. Amma na gode wa Ubangiji da ya ba 'yata numfashi, ya kuma riƙe hannuna. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ga gwangwanin nan na kawo, yashin yana ciki, ko ƙwaya ba ta ragu ba. Amin.