Shara a Daurawa, Kwanuka a Turai

A adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni na ji wasu dattawa biyu suna hira, ba su ma san juna ba.

"Ɗana Zakariyya ya je Turai karatu, jami'ar da ya yi ta riƙe shi aiki," in ji mai jar hula.

"Masha Allah! Koyarwa yake, Alhaji?"

"Ina fa! Ɗakunan kwanan ɗalibai yake kula da su, yana rabon faɗa kan wanke kwanuka. Ni kuma gidan haya nake riƙe da shi a Daurawa, ina rabon faɗa kan shara. Don kar ya gaje ni na sa shi boko."

"To, ya dawo ya karɓe ka mana."

"Na roƙe shi, ƙarfina ya ƙare. Sai ya ce, 'Baba, ni nawa, shekara na ƙarewa suke kwashe kayansu. Naka fa?'"