Amsar Dillali a Gindin Lema

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu, likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata, jama'ar Azare da waɗanda suka taso daga Yana da Itas, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba Saleh dillalin shanu dama ya yi magana, ko da yake kun san a jikina baki ne kaɗai bai taɓa ciwo ba.

Magana ta farko. Da aka gama yi mini maganin ciwon daji na mafitsara, aka haɗa ni da Malama Fanna, ma'aikaciyar jinya, ta riƙa kirana daga Kano tana bibiyar lafiyata. Ba ni da waya, sai ta Ya'u mai wayar haya a gindin lema a bakin kasuwa. Jama'a, ku dubi furfurata, ku dubi 'yan acaɓa sun kasa kunne, sa'annan sa'ar 'yar cikina tana tambayata yadda nake fitsari! Ni da nake gane ciwon saniya daga tafiyarta, kullum amsata ɗaya: "Lafiya lau, Malama." Alhali jini ya dawo, tsoro ya hana ni cin tuwo.

Magana ta biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ɓoye. Rannan ta ce, "Baba, akwai mutane kusa da kai?" Na ce, "Rabin Katagum." Ta ce, "To kar ka yi bayani. Zan tambaya, ka ce e ko a'a. Ka ga jini?" Na dubi Ya'u, na dubi ƙasa, na ce e. Mutane suka ɗauka ciniki na sallama. Wannan e ɗin ce ta mayar da ni asibiti tun abin bai yi nisa ba.

Ta uku roƙo ce. Ranka ya daɗe, a samar mana waya a ɗaki mai ƙofa. Abokina Bappayo, mai irin ciwona, daga ruga yake zuwa gindin lemar nan amsa kiran asibiti, ya fi ni kunya, ko e ɗin bai iya furtawa ba. Bara muka yi masa sutura, kuma har yau ina kewarsa.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da mu, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.