Giwayen Ofelia

Ran Talata aka binne Ofelia. Ran Lahadi mijinta, Don Aníbal, ya tsaya gaban teburin wata mai sayen tsofaffin kuɗi a kasuwar Montevideo, ya zube sulallan zinariya tara masu hoton giwa.

"Kai, Baba! Wa ya goge waɗannan?"

"Ni. Da toka da lemun tsami. Ba na kai kayan matata kasuwa da dauɗa."

"Ai ka kashe su. Masu tara su ko yatsa ba sa ɗorawa. Yanzu sai dai maƙera su narkar."

"Ita ma shekara tara ba ta bari na taɓa ba. Wai da kuɗinsu ake kare giwaye. Na ce mata giwar ta tsere wa mafarauci ta faɗa hannun ɗan kasuwa."

"Da wannan bakin naka? Ta yi haƙuri. In auna?"

Ya kwashe su ya mayar aljihu, ya bar ɗaya a tafinsa.

"Bari, 'yata. Wannan giwar mai ɗa a gefenta, sau uku Ofelia ta tambaye ni ko ta yi kyau, ina karatun jarida."

"To, ta yi?"

"Ta yi mana. Ban dai ɗago kai na gaya mata ba."